Tambayoyi da Amsoshi kan Tsohon Littafin Fassarar Waƙoƙin Zube na Su Dongpo, Bugun Shanghai na 1935

A cikin tsofaffin littattafan da suka kai adabin ƙasar Sin ga masu karanta Ingilishi akwai wani wanda ba a cika jin sunansa ba sai a bakin dillalan tsofaffin littattafai da masu nazarin adabin daular Song. Sunansa The Prose-Poetry of Su Tung-p'o. Cyril Drummond Le Gros Clark ne ya fassara shi, kamfanin Kelly & Walsh kuma ya buga shi a Shanghai a shekarar 1935. Ga amsoshin tambayoyin da suka fi damun wanda yake son ya saye shi ko ya karanta shi.

Me littafin ya ƙunsa?

Ya ƙunshi fassarar rubuce-rubucen marubuci guda ɗaya, Su Dongpo (wanda littafin ya rubuta Su Tung-p'o), a fanni guda ɗaya, wato fannin da Sinawa suke kira fu, tare da maƙalolin share fage, da bayanai, da sharhi. Wannan taƙaitawa ita ce ta bambanta shi da yawancin littattafan zamaninsa. Masu fassara na wancan lokaci sun fi son su tsinto daga kowane ƙarni abin da ya yi musu daɗi su haɗa a kundi ɗaya. Clark kuwa ya tsaya a kan mutum ɗaya, ya bi fu ɗinsa, shahararru da waɗanda ba su shahara ba, ya kuma ɗauki wahalar bayyana sunaye da labarun tarihi da suke ɓoye a cikinsu. A ganina nan ne darajar littafin take, fiye da tsufansa ko wuyar samunsa.

Mene ne fu, waƙa ce ko zube?

Yana tsakanin biyun, shi ya sa aka kira shi waƙar zube a sunan littafin. Yana da amsa-amo, jimlolinsa kuma sukan zo biyu-biyu suna fuskantar juna a tsayi da ma'ana, amma ba a ɗaure shi da kari ɗaya daga farko har ƙarshe ba, kuma sau da yawa yakan buɗe da 'yar gabatarwa ta zube tsantsa. Ba a rera shi da kiɗa, karanta shi ake yi da murya. Wanda ya yi karatun Muƙamatul Hariri a zaure zai gane abin da ake nufi, domin saja'in da ke cikinta shi ma zube ne mai amsa-amo, cike da baƙin kalmomi da nuna gwanintar harshe. Hariri, wanda ya rayu daga 1054 zuwa 1122 a Basra, zamani ɗaya ya yi da Su Dongpo, ko da yake babu wanda ya san ɗan'uwansa a cikinsu.

Fu ya yi tashe ne a zamanin daular Han, ƙarni biyu kafin haihuwar Annabi Isa zuwa ƙarni biyu bayanta. A lokacin aikin fada ne. Marubuci irin su Sima Xiangru yakan siffanta dajin farautar sarki, ya jero sunayen duwatsu da koguna da itatuwa da namun daji har mai sauraro ya rasa ta cewa, sannan a ƙarshe ya saka 'yar nasiha kan illar almubazzaranci. Ban Gu da Zhang Heng sun yi irin wannan a kan manyan biranen daula. Daga baya, a zamanin daular Tang, aka mayar da fu darasi a jarrabawar shiga aikin gwamnati, aka ɗaure shi da ƙa'idoji masu tsauri, har ma mai jarrabawa ne yake ba ɗalibi kalmomin da zai yi amsa-amo da su. Marubutan daular Song ne suka sassauta masa wannan ɗauri. Ouyang Xiu ya rubuta fu ɗinsa a kan sautin kaka a 1059, da salo mai kama da hira, Su Dongpo kuma ya kai wannan salo inda ba a sake wuce shi ba.

Wane ne Su Dongpo?

Sunansa na ainihi Su Shi. An haife shi a 1037 a Meishan, a lardin Sichuan, ya rasu a 1101 a Changzhou. Mahaifinsa Su Xun da ƙanensa Su Zhe su ma manyan marubuta ne, kuma su ukun duka suna cikin mutum takwas da Sinawa suke ɗauka gwanayen zube na daulolin Tang da Song. Ya ci babbar jarrabawar daula a 1057 tare da ƙanensa, kuma Ouyang Xiu ne shugaban masu jarrabawa a shekarar.

Ma'aikacin gwamnati ne duk tsawon rayuwarsa, kuma siyasa ce ta tsara masa inda zai zauna da abin da zai rubuta. Ya yi adawa da sababbin tsare-tsaren da waziri Wang Anshi ya fara aiwatarwa daga 1069, musamman bashin noma da gwamnati take ɗora wa manoma. A 1079 aka kama shi bisa zargin cewa waƙoƙinsa suna zagin fada, aka tsare shi fiye da kwana ɗari ana yi masa tambayoyi baiti bayan baiti. Ya tsira da ransa, amma aka tura shi Huangzhou, wani ƙaramin gari a bakin kogin Yangzi, da muƙami na suna kawai wanda ba shi da ikon sa hannu a kan takardar hukuma. A can ya sami wani fili a gangaren gabashin gari ya riƙa nomawa don ciyar da iyalinsa, daga nan ne kuma ya ɗauki laƙabin Dongpo, wato gangaren gabas.

Daga baya ya dawo cikin tagomashi, ya mulki Hangzhou, inda ya sa aka yashe tafkin yammacin birnin aka gina hanyar da har yau take ɗauke da sunansa. A 1094 aka sake korarsa zuwa Huizhou a kudu, a 1097 kuma aka ƙara nesanta shi zuwa tsibirin Hainan. Yana kan hanyar dawowa bayan an yi masa afuwa ne ajali ya same shi. Ko bayan rasuwarsa ba a ƙyale shi ba, domin a farkon ƙarni na 12 fada ta haramta rubuce-rubucensa, ta ba da umarni a lalata allunan katakon da ake buga su da su.

Wane ɓangare ne ya fi cancanta a fara karantawa?

Fu biyu da ya rubuta a kan Jan Dutse, wanda Sinawa suke kira Chibi, duka a 1082, yana cikin zaman kora a Huangzhou. Su ne suka fi kowane rubutu nasa shahara, kuma har yau ɗalibai a Sin suna haddace na farkon.

A na farkon, a daren goma sha shida ga watan bakwai na kalandarsu, Su Dongpo da baƙinsa suna cikin kwale-kwale a ƙarƙashin dutsen. Iska tana kaɗawa a hankali, ruwa a kwance, wata ya fito daga bayan tsaunin gabas. Sai ɗaya daga cikin baƙin ya ɗauki sarewa ya busa wani sauti mai ban tausayi. Da Su ya tambaye shi dalili, sai baƙon ya tuna masa da Cao Cao, jarumin da ya gangaro wannan kogi da jiragen yaƙi ba iyaka, yana riƙe da mashi yana tsara waƙa, ya ce to ina yake yanzu, balle su da ba su wuce masunta da masu saran itace ba, waɗanda rayuwarsu ba ta fi ta ƙwaron da yake mutuwa a ranar da aka haife shi ba.

Amsar da Su ya bayar ita ce zuciyar rubutun. Ya ce wa baƙon ya dubi ruwa da wata. Ruwa kullum wucewa yake yi amma kogin bai tafi ba, wata yana cika yana raguwa amma a ƙarshe bai ƙaru ba bai ragu ba. Idan aka dubi abubuwa ta fuskar canzawarsu, sama da ƙasa ba sa tsayawa ko na ƙiftawar ido, idan kuwa aka dube su ta fuskar rashin canzawarsu, to su da mu duka ba mu da ƙarewa. Ya ƙara da cewa kowane abu a duniya yana da mai shi, kuma abin da ba naka ba ne ko silin gashi bai kamata ka ɗauka ba, sai dai iskar kogi da hasken wata, waɗanda kunne da ido suke ɗiba babu mai hanawa, kuma ba sa ƙarewa. Baƙon ya yi murmushi, suka ci gaba da shagalinsu, barci ya kwashe su a cikin kwale-kwalen har gari ya waye ba su sani ba.

Abin da ya sa wannan magana take da nauyi shi ne wanda ya faɗe ta. Mutum ne da aka raba da muƙaminsa, aka kusa raba shi da ransa shekara uku kafin nan, kuma yana sane da cewa ana bibiyar duk abin da ya rubuta. Kwafin da ya rubuta da hannunsa yana nan a gidan adana kayan tarihi na fada da ke Taipei, kuma a ƙarshensa ya yi wa abokin da ya aika wa gargaɗi cewa ya ɓoye shi kada ya nuna wa mutane. Wanda ya karanta fassarar bai san wannan ba zai ɗauka labarin yawon shan iska ne kawai.

Na biyun, wanda aka rubuta bayan wata uku, ya fi duhu da ban tsoro. Ruwa ya janye, duwatsu sun fito, wurin ya canza har ba ya ganuwa. Su ya bar baƙinsa ya hau dutsen shi kaɗai, ya yi wani dogon fito da ya girgiza itatuwa, tsoro ya kama shi ya sauko. Da tsakar dare wani babban tsuntsu irin gauraka ya ƙetare kogin ta kan kwale-kwalensu, daga baya kuma ya yi mafarkin wani malamin addinin Dao sanye da rigar gashin tsuntsu yana tambayarsa ko ya ji daɗin yawonsa. Babu muhawara a nan, babu amsa, kuma masu karatu da yawa sun fi son sa saboda haka.

A wurin ne aka yi shahararren yaƙin Jan Dutse?

A'a. An yi yaƙin ne a ƙarshen shekarar 208, inda rundunonin Sun Quan da Liu Bei suka ƙone jiragen Cao Cao, kuma masana tarihi sun fi karkata ga cewa filin dagar yana can sama da Huangzhou a kan kogin. Dutsen da Su ya ziyarta suna ne kawai ya haɗa su, shi ma kuma a wasu rubuce-rubucensa ya nuna cewa faɗar mutane ce yake bi.

Duk fu ɗinsa haka suke da zurfin tunani?

Ko kusa. Wannan ma yana cikin amfanin littafin da ya tsaya a kan fannin gaba ɗaya, domin yana nuna cewa Su ya ɗauki salon da a da sai fadar sarki da dajin farauta ake siffantawa da shi, ya sauko da shi madafa da ɗakin kwana. Yana da fu a kan wani ɓera mai wayo da ya maƙale a cikin jaka, ya yi kamar ya mutu, da aka zazzage shi ƙasa sai ya ruga. Yana da wani a kan miyar ganye, da wani a kan tsoho mai kwaɗayi, da wani da ya rubuta a Mizhou yana ba da labarin yadda shi da yake gwamnan gari ya koma cin ganyayen daji saboda ƙarancin abinci. Akwai kuma na ƙuruciyarsa, irin wanda ya rubuta a kan wurin ibadar da aka gina don tunawa da mawaƙi Qu Yuan, da wanda ya yi a kan wani dutse mai haɗari a tsakiyar kogin Yangzi.

Wane ne mai fassarar, kuma yaya ya koyi Sinanci?

Cyril Le Gros Clark Bature ne ɗan Ingila, an haife shi a 1894, kuma ba malamin jami'a ba ne. Ya shiga aikin gwamnatin Sarawak, a tsibirin Borneo, a 1925, lokacin da iyalin Brooke suke sarautar ƙasar. An tura shi Xiamen, a kudancin Sin, don ya koyi harshen Sinawan da suke da yawa a Sarawak, ya riƙe ofishin harkokin Sinawa, daga baya kuma ya zama babban sakataren gwamnati. A cikin wannan aiki na ofis ne ya sami lokacin zama da rubutun da aka yi shekara ɗari takwas da hamsin kafin zamaninsa. Ƙanensa, Wilfrid Le Gros Clark, ya yi suna a ilmin ƙirar jikin ɗan Adam a jami'ar Oxford.

Ƙarshensa abin tausayi ne. Sojojin Japan sun mamaye Sarawak a watan Disamba na 1941, aka tsare shi a sansanin Batu Lintang da ke Kuching. A ranar 6 ga Yuli 1945, 'yan makonni kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, aka kashe shi a Keningau, a arewacin Borneo, tare da ƙaramin jakadan Sin Cho Huan Lai da wasu fursunoni. Akwai dutsen tunawa da su a garin.

Me ya sa dillalai suke yawan ambaton gabatarwar littafin?

Saboda wanda ya rubuta ta. Qian Zhongshu, wanda sunansa yake fitowa a littafin da rubutun Ch'ien Chung-shu, a lokacin saurayi ne ɗan kimanin shekara ashirin da biyar, bai daɗe da gama jami'ar Tsinghua ba, kuma a shekarar da aka buga littafin ne ya tafi Oxford. Daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masana adabi na Sin a ƙarni na 20. Gabatarwar tana magana a kan yanayin adabin da Su ya taso a ciki da matsayin fu ɗinsa, kuma tana cikin rubuce-rubucen farko da Qian ya yi da Ingilishi, don haka masu tara ayyukansa su ma suna neman littafin.

Na ga littattafai masu kama da juna da sunan Clark. Yaya zan bambanta su?

Abubuwa uku ne ake rikitawa. Na farko shi ne Selections from the Works of Su Tung-p'o, wanda Jonathan Cape ya buga a Landan a 1931. Wannan zaɓaɓɓun rubuce-rubuce ne, kuma an ƙawata shi da zane-zanen da matarsa, Averil Salmond Le Gros Clark, ta sassaƙa a katako aka buga. Na biyu shi ne littafin da muke magana a kansa, bugun Kelly & Walsh na 1935. Na uku kuma sake bugun wannan na biyun ne da kamfanin Paragon ya yi a New York a 1964. Shafin farko mai ɗauke da sunan littafi shi ne shaida, domin a nan ake ganin sunan kamfani da birni da shekara. Wanda karatu ne bukatarsa, bugun 1964 ya ishe shi. Wanda yake son zane-zane, na 1931 zai nema.

Kelly & Walsh kamfani ne da aka kafa a Shanghai a 1876, a lokacin yana da rassa a Hong Kong da Singafo da Yokohama, kuma shi ne ya buga da yawa daga cikin littattafan koyon Sinanci na wancan zamani. Shekara biyu bayan fitowar littafin Clark yaƙi ya ɓarke tsakanin Sin da Japan, aka gwabza a Shanghai ɗin kanta.

Me ya sa sunayen da ke cikinsa suka saɓa da na littattafan yanzu?

Littafin ya yi amfani da tsohon tsarin rubuta Sinanci da haruffan boko, wanda ake kira Wade-Giles. Tsarin da ake bi yanzu, pinyin, sai a 1958 gwamnatin Sin ta amince da shi. Saboda haka Su Tung-p'o shi ne Su Dongpo, Ts'ao Ts'ao shi ne Cao Cao, Sung kuma ita ce Song. Mai neman littafin a intanet ya gwada rubutun biyu.

Har yanzu ana iya dogaro da fassarar?

Ana iya amfana da ita sosai, amma bai kamata ta zama ita kaɗai a hannun mai nazari ba. Ingilishinta na mutanen shekarun 1930 ne, kuma bincike a kan rayuwar Su da lokutan da ya rubuta ayyukansa ya ci gaba ƙwarai tun daga lokacin. Burton Watson ya fitar da fassarar waƙoƙin Su a 1965 da wani kundi na fu a 1971, David Knechtges kuma ya fassara fu ɗin tsofaffin dauloli da cikakken sharhi. Sannan akwai asarar da babu fassarar da ta tsira daga gare ta, wato amsa-amo da daidaiton jimloli, domin Sinanci na dā yana iya faɗin cikakkiyar magana da gaɓoɓi huɗu, Ingilishi kuwa sai ya ninka su. Duk da haka, wanda yake neman ƙananan fu ɗin Su da ba su shiga kundayen zaɓe ba, sau da yawa wurin Clark zai koma.

Akwai abin da ya kamata mai karatu Musulmi ya sani tun da wuri?

Akwai. Shan giya yana fitowa a rubuce-rubucen Su a matsayin al'adar zaman abokai ta masu ilmin zamaninsa, har yana da fu da ya keɓe don yabon wasu nau'o'inta. Tunaninsa kuma ya ginu a kan koyarwar Confucius da addinin Dao da na Buda. Mai karatu zai shiga littafin ne a matsayin mai neman sanin yadda wata al'umma mai tsohuwar wayewa ta yi tunani a kan mulki da talauci da mutuwa, kuma ta wannan fuska akwai abin koyo mai yawa, musamman a kan haƙurin mutumin da aka zalunta bai bar ɗacin rai ya cinye shi ba.

Me zan duba kafin in saya, kuma yaya zan adana shi?

A nemi dillali ya aiko da hoton shafin suna da bayansa, da bango, da ƙashin bayan littafin, da wasu shafuka na tsakiya. A tambaya ko shafukan sun cika, ko bangon na asali ne ko an sake ɗinke shi, ko akwai hatimin laburare, domin duk waɗannan suna rage kuɗinsa. Littattafan da suka daɗe a ƙasashe masu zafi da danshi sukan zo da ɗigo-ɗigon ja a takarda ko hudar ƙwari, kuma ɗigon ba ya hana karatu, amma hudar tana bukatar a tabbatar ƙwarin sun mutu. Farashi yana hawa yana sauka bisa lafiyar kwafin, don haka a kwatanta na dillalai biyu ko uku.

Idan ya iso, a ajiye shi nesa da rana da bango mai danshi, a kan kanta da ba ta taɓa ƙasa saboda gara. Kada a rufe shi a leda lokacin damina, domin tana tara gumi, kuma kada a liƙe yagewa da salatif, domin gam ɗinsa yana cin takarda. Akwatin kwali mai kyau ya fi, a riƙa buɗe shi lokaci-lokaci ana kakkaɓe ƙura.

Ana iya fassara shi zuwa Hausa ba tare da neman izini ba?

Rubutun Su Shi kansa mallakar kowa ne. Fassarar Clark ma, a ƙasashen da haƙƙin marubuci yake ƙarewa shekara 70 bayan rasuwarsa, ciki har da Nijeriya, ta fita daga kariya tun farkon 2016, tunda ya rasu a 1945. Gabatarwar Qian Zhongshu ba ta shiga wannan ba, domin shi a 1998 ya rasu. Wanda zai yi aikin, ya fi kyau ya haɗa kai da wanda ya iya tsohon Sinanci, ya riƙe Clark a matsayin mataimaki wajen sharhi, ya kuma fara da fu na farko na Jan Dutse, wanda bai wuce shafi biyu ba.